Halin Sarki da Allunan Magatakarda: Sharhi a kan Littafin Tarbiyyar Sairus

Littafin Tarbiyyar Sairus, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da sunan Cyropédie, ya haura shekara 2,300 yana yawo a hannun masu karatu. Marubucinsa Zenofon mutumin birnin Atina ne na ƙasar Girka, almajirin masanin falsafa Sokrat, ya kuma rubuta shi wajen shekarun 360 kafin Miladiyya (K.M.). A cikin juzu'i takwas ya bi rayuwar Sairus Babba, wanda ya kafa daular Farisa, tun daga ƙuruciya har ranar da ya yi wasiyya. Manyan Rumawa sun ɗauke shi littafin koyon mulki. Siseron ya lura cewa ba don ba da tarihi aka rubuta shi ba, sai don zana surar mulkin adalci, Makiyabel ma ya ambace shi a cikin littafinsa na shawara ga masu mulki. Wanda ya san risalar da Al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 zai gane wannan nau'in rubutu nan take, wato nasiha ga sarakuna. Bambancin shi ne Zenofon bai jera ƙa'idoji ba, labari ya gina.

Tambayar da littafin ya sa gaba ita ce: me ke riƙe ƙasa? Amsarsa kuwa guda ce, halin shugaba da basirarsa. Sai dai tarihin daular da ya ɗauka misali ya ba da wata amsa dabam, kuma shaidun da aka tono daga ƙasa cikin ƙarni na 20 sun ƙara mata ƙarfi. Ya kamata a auna littafin da waɗannan shaidu, domin har yau darasinsa ne ya fi shiga kunnen jama'a: a samu mutumin kirki a kan gado, komi zai daidaita.

Abin da littafin ya ƙunsa

Zenofon ya buɗe da wata lura mai sauƙi. Garken shanu da na tumaki suna bin makiyayi, ba a taɓa jin sun haɗa baki sun yi masa tawaye ba, amma ɗan Adam ba abin da ya fi saurin ƙi kamar wanda ya nemi ya mallake shi. Daga nan ya kawo Sairus a matsayin hujjar cewa mulkin mutane mai yiwuwa ne in an yi shi da sani, tunda al'ummomi masu harsuna dabam-dabam, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganinsa ba, sun yi masa biyayya.

Tushen wannan sani, a wurin marubucin, tarbiyya ce. Ya kwatanta Farisa a matsayin ƙasar da yara ke zuwa makaranta don koyon adalci kamar yadda na wasu ƙasashe ke zuwa koyon karatu. Abincinsu gurasa da ganye, abin shansu ruwa, kuma ana hukunta mai butulci kamar yadda ake hukunta ɓarawo. A nan ne labarin taguwa ya zo, wanda ya fi kowane sashe na littafin dacewa da aji. Wani babban yaro mai ƙaramar taguwa ya tuɓe wa ƙaramin yaro babbar taguwarsa, ya ba shi tasa. Da aka sa Sairus ya yi shari'a, sai ya ce kowa ya riƙe wadda ta dace da jikinsa. Malaminsa ya yi masa bulala, ya ce ba a tambaye shi wadda ta fi dacewa ba, an tambaye shi mai ita ne, kuma doka ce ke faɗin mai abu.

Sairus ne ya ba mahaifiyarsa wannan labari a fadar kakansa Astiyaj, sarkin Midiya, sa'ad da ta nuna damuwa kan tarbiyyarsa. Ta gargaɗe shi cewa a Midiya abin da sarki ya so shi ne doka, a Farisa kuwa sarki ma doka yake bi. Mai karatu da ya riƙe wannan gargaɗi zai ga yadda sauran littafin ke tafiya daga Farisa zuwa Midiya sannu a hankali. Sairus ya ba talakawa makamai irin na manya, ya sa rabon ganima ya bi ƙwazo, shi kuma ne mai auna ƙwazon. Ya mayar da abokan gaba abokai ta hanyar afuwa da kyauta. Ya nuna wa Kirisus, tsohon sarkin Lidiya, cewa taskarsa tana hannun abokan da ya azurta, domin duk ranar da ya nema za su kawo fiye da abin da zai iya tarawa a ɗaki.

Bayan cin Babila kuwa sai wani Sairus ya bayyana. Ya rage fitowa bainar jama'a don kwarjininsa ya ƙaru, ya sa alkyabbar Midiyawa da dogayen takalma, ya sa kwalli, ya kewaye kansa da babanni da dogarai 10,000. Ya riƙa ba masu kawo rahoto tukuici har mutane suka shiga tsoron faɗin magana a kansa ko'ina, kamar yana ji. Yaron da aka yi wa bulala don ya fifita ra'ayinsa a kan doka ya zama sarkin da ke raba wa kowa taguwar da shi ya ga ta dace. Wannan shi ne mafi kyawun abin da ke cikin littafin ta fuskar adabi: marubucin bai tsaya ya yi wa'azi ba, ya bar mai karatu ya haɗa farko da ƙarshe da kansa.

Inda labari ya rabu da tarihi

Duk mai son amfani da littafin a darasin tarihi dole ya san wuraren da ya kauce. A cikinsa Sairus ya sami Midiya cikin lumana, a matsayin gudunmawar aure daga wani kawunsa mai suna Siyaksar, wanda babu wata shaida ta zamanin da ta tabbatar da shi. Littafin tarihin Babila na zamanin Sarki Nabonid ya nuna cewa a shekarar 550 K.M. rundunar Astiyaj ta juya masa baya ta miƙa shi ga Sairus, aka kwashe dukiyar babban birninsa. Zenofon ya danganta cin Masar ga Sairus, alhali ɗansa Kambiz ne ya ci ta a 525 K.M. Ya kuma sa gwarzonsa ya mutu a kan gado cikin tsufa yana yi wa ƴaƴansa nasiha, alhali Herodot ya ruwaito cewa a fagen yaƙi ya mutu, a hannun rundunar sarauniyar Masajetawa. Abin da aka tabbatar shi ne ya rasu a 530 K.M., kabarinsa kuma yana nan a Fasargad har yau.

Waɗannan sauye-sauye duk gefe guda suka karkata: sun cire jini daga hannun gwarzon, sun sa nasararsa ta zama ladar hali. Ba laifi ba ne ga mai ƙagaggen labari, amma ya nuna cewa Sairus na littafin rabinsa Bafarise ne, rabinsa kuma burin wani Bagirke mai sha'awar tarbiyyar Isparta da tambayoyin Sokrat.

Irin wannan gyaran fuska bai tsaya a zamanin da ba. A 1879 aka tono wani dunƙulen yumɓu a kangon Babila mai ɗauke da sanarwar Sairus bayan ya ci birnin a 539 K.M., wanda ke ajiye a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. A 1971, lokacin bikin cika shekara 2,500 na sarautar Iran, gwamnatin Shah ta tallata shi a matsayin takardar ƴancin ɗan Adam ta farko, aka kai kwafinsa Majalisar Ɗinkin Duniya. Rubutun kansa kuwa ya bi salon da sarakunan yankin suka saba: ya zargi sarkin da aka kayar da wulaƙanta addini, ya ce Marduk, abin bautar Babila, shi ya zaɓi Sairus, ya kuma faɗi yadda aka mayar da gumaka da mutane garuruwansu. Siyasa ce ta basira, mai sassauci idan an kwatanta da ta wasu magabata, amma kirari ne da fada ta rubuta wa kanta.

Babin ƙarshe da hukuncinsa

Littafin ya rufe da wani babi mai ɗaci. Da Sairus ya mutu, in ji marubucin, nan da nan ƴaƴansa suka shiga rikici, garuruwa suka yi tawaye, komi ya lalace. Farisawan zamaninsa ba su cika alkawari, sun bar farauta da motsa jiki, sun koma ga shimfiɗu masu taushi, ba su iya yaƙi sai da sojojin haya na Girka. Wasu masana na ƙarni na 19 sun yi shakkar cewa Zenofon ne ya rubuta wannan babi, amma akasarin na yau sun karɓe shi, kuma ya dace da sauran littafin. In komi ya rataya a wuyan mutum guda, to ranar da aka binne shi aka binne ƙasar.

Matsalar ita ce ba haka ta faru ba. Daga rasuwar Sairus a 530 zuwa mutuwar Dariyus na Uku a 330 K.M. shekara 200 ne cif, kuma cikin mafi yawan wannan lokaci daular ta miƙe daga kogin Indus zuwa tekun Girka. Zenofon kansa shaida ne. A 401 K.M. yana cikin sojojin haya na Girka da suka bi Sairus Ƙarami don tumɓuke wansa Artashate na Biyu, aka kashe mai gidansu a yaƙin Kunaksa kusa da Babila, suka koma gida da ƙyar. Wajen 387 K.M. wannan Artashate ne ya tsara wa biranen Girka sharuɗɗan sulhu, suka karɓa. Daular da aka ce ta ruɓe tun ranar jana'izar wanda ya kafa ta, ita ce ke yanke wa ƙasar marubucin hukunci bayan shekara 140. Ke nan akwai wani abu da ya riƙe ta wanda littafin bai ba shi haƙƙinsa ba.

Shaidar allunan yumɓu

Herodot ya ruwaito cewa Farisawa na kiran Sairus uba, Kambiz ubangida, Dariyus kuwa ɗan kasuwa, saboda shi ne ya ƙayyade haraji. Abin da aka faɗa don raini shi ne mabuɗin al'amarin. Dariyus na Farko, wanda ya yi mulki daga 522 zuwa 486 K.M., ya daidaita daular cikin larduna 20 bisa lissafin Herodot, kowanne da gwamnan da ake kira satarap da kuma adadin da zai biya duk shekara. Babila talanti 1,000 na azurfa, Masar 700, lardin Indiya talanti 360 na garin zinariya, talanti kuwa ma'auni ne da ya kai kilo 25 zuwa 30. Ya buga kuɗin zinariya mai nauyin giram takwas da ɗoriya. Hanyar sarki daga Sardis zuwa Susa, mai tsawon kimanin kilomita 2,500, tana da zango 111, matafiyi na ƙasa yana cin ta cikin kwana 90, manzannin sarki kuwa suna miƙa wa juna saƙo daga zango zuwa zango cikin ɗan lokaci.

A 1933 masu tonon tarihi na Jami'ar Shikago suka gano dubban allunan yumɓu a cikin ganuwar birnin Farsafolis. Akasarinsu da harshen Ilam aka rubuta su, tsakanin 509 da 493 K.M., kuma a 1969 Richard Hallock ya wallafa fiye da 2,000 daga cikinsu. Babu kirari a cikinsu, babu labarin yaƙi. Rasit ne na hatsi, da gari, da tumaki, da ruwan inabi: wane ya karɓa, nawa, da umurnin wa, a wane wata na wace shekarar sarki, ga hatimin mai bayarwa da na mai karɓa. Babban jami'in da ke kan tsarin, Farnaka, yana karɓar tumaki 2, da gari kimanin lita 180, da ruwan inabi kimanin lita 90 kowace rana don shi da jama'arsa, kuma shi ma sai an rubuta. Matafiyi a bakin aikin gwamnati yana nuna takardar izini mai hatimi a kowane zango kafin a auna masa guzurin yini. Ma'aikaciyar da ta haihu tana samun ƙari, wadda ta haifi namiji ninkin wadda ta haifi mace. Akwai matan da ke shugabantar ƙungiyoyin ma'aikata suna karɓar rabon da ya fi na akasarin maza. Daga rumbun gwamnati ake fitar da hatsin hadaya ga Ahuramazda na Farisawa, da Humban na mutanen Ilam, da Adad na mutanen yamma.

Wannan tsari bai tsaya a tsakiyar daular ba. Akwai wasiƙun fata da Arshama, gwamnan Masar a ƙarshen ƙarni na 5 K.M., ya aika da harshen Aramiya, wanda shi ne harshen ofis daga wannan iyaka zuwa waccan. Ɗaya daga cikinsu tana umurtar jami'an da ke kan hanya, har zuwa Dimashƙa, su ba wakilinsa da mutanensa da dawakinsa abinci, tare da sharaɗin cewa in ya wuce kwana guda a wuri ɗaya kada a ƙara masa. Daga ɗaya ƙarshen daular, a yankin Balkh na Afganistan ta yau, an samu takardu masu irin wannan salo, har da wadda aka rubuta a shekara ta bakwai ta mulkin Iskandar. Wato sarki ya faɗi, magatakarda ya ci gaba da auna hatsi. Iskandar ma da ya ci daular bai rushe lardunan ba, ya ma naɗa Bafarise Mazayus gwamnan Babila a 331 K.M. Masanin tarihi na Faransa Pierre Briant, a cikin babban littafinsa na tarihin daular Farisa da ya fito a 1996, ya tattara irin waɗannan shaidu ya rushe tsohon zancen cewa daular ta daɗe tana ruɓewa kafin zuwan Iskandar.

Adalci ne a ce Zenofon bai manta da waɗannan abubuwa gaba ɗaya ba. A juzu'i na takwas ya ambaci gwamnoni, da kwamandojin sansani masu amsa umurnin sarki kai tsaye, da masu rangadin duba larduna, da gidajen manzanni. Amma ya ba su ƴan shafuka, ya kuma nuna su kamar dabarun da suka faɗo wa mutum guda a rai. Allunan sun nuna wani abu dabam: aiki ne na zuriyoyin magatakarda da Farisawa suka gada daga Ilam, da Babila, da Assuriya, suka haɗa, suka faɗaɗa. Hikimar masu mulkin ita ce ba su rushe abin da suka tarar yana aiki ba.

Kada kuma a mayar da allunan sabon kirari. Da yawa daga ma'aikatan da ke cikinsu mutanen ƙasashen da aka ci ne, waɗanda aka kwaso nesa da gida, kuma rabon na ƙasa bai wuce na riƙe rai ba. A rubutun da Dariyus ya sa aka sassaƙa a dutsen Bisitun da harsuna uku, ya yi alfahari da yaƙi 19 da kama sarakuna 9 cikin shekara guda, ya kuma bayyana yadda ya yanke wa ɗan tawayen Midiya hanci da kunnuwa kafin ya tsire shi. Tsarin yana da inganci, kuma manufarsa ita ce dukiya ta gangaro zuwa fada.

Inda Zenofon ya yi gaskiya

Akwai wuri guda da babin ƙarshe ya taɓa ciwon sosai, shi ne gadon sarauta. Daular da ta san adadin garin da za a ba matafiyi a zango ba ta taɓa kafa tabbatacciyar ƙa'idar wanda zai hau gado ba. Bardiya, ƙanen Kambiz, ya mutu cikin yanayin da har yau ake gardama a kansa, Dariyus kuma da takobi ya hau. An kashe Zarzes a fadarsa a 465 K.M. Yaƙin da ya kai Zenofon Farisa ma rikicin wa da ƙane ne. Masar ta ɓalle wajen 404 K.M., ba a maido ta ba sai 343, gwamnonin yamma kuma sun yi tawaye a shekarun da ake rubuta littafin. Dokar da ta ɗaure magatakarda da mai rumbu ba ta kai ga sarki da ƴaƴansa ba. Gargaɗin da uwar Sairus ta yi masa a juzu'in farko shi ne gaskiyar da ta fi kowace daɗewa a cikin littafin.

Saboda haka Tarbiyyar Sairus ya cancanci a karanta shi, musamman a ƙungiyoyin karatu da ajujuwan manyan ɗalibai, amma ba shi kaɗai ba. Yana koyar da yadda shugaba ke jawo zukata, da yadda kyauta ke zama igiya, da yadda mai kawo gyara ke iya zama mai mallaka ba tare da ya canja murya ba. Abin da ba ya koyarwa shi ne dalilin da ya sa ƙasa ke wanzuwa bayan shugaba, nagari ko mugu, ya kau. Malamin da ya karanta wa ɗalibansa labarin taguwa, ya biyo da wasiƙar Arshama mai hana ƙarin guzuri, ya ba su abin tattaunawa na gaske: wanne ya fi kare talaka, kyakkyawar zuciyar mai rabo ko rubutacciyar ƙa'idar rabon, kuma wa zai tilasta wa mai hatimi ya bi ta?